Sirrin Abba Ya Fita Ta Bakina

Kafin ku fara yi mini ruwan zagi a wurin sharhi, ku tsaya ku ji yadda abin ya faru. Ni ma na zagi kaina, kuma babu wanda zai fi ni iya wannan aikin.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: 'yar Ciyaman ake ce mini, a layinmu, a wurin mai ɗinki, har a asibitin da nake raka Abba duba ido. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana shugabancin jam'iyyar adawa, kuma tun da ciwon suga ya fara taɓa masa gani, ni na zama idonsa. Ni ke karanta masa saƙonni, ni ke buga masa jawabi, ni ke ɗiga masa magani safe da yamma. Duk abin da ya shigo wayar Abba sai ya bi ta bakina kafin ya isa kunnensa.

Wanda nake so kuwa, Lauya ne, kakakin jam'iyyar. Abba ne ya ɗauko shi tun yana sabon kammala karatu, ya koya masa tsayuwa gaban jama'a. A wayata “Mai Gardama” na sa masa, don ko ka ce masa yau Laraba ce sai ya tambaye ka hujja. Saura kwana goma sha biyu manyansa su zo ganin Abba a kan maganarmu.

Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne yarjejeniya. Gwamnati na so ta ba sojojin wata babbar ƙasa fili su kafa sansani, su zo da jiragensu marasa matuƙa, su taya mu yaƙi da 'yan ta'addan da ke cikin daji. Abba ya ce jam'iyya ba za ta goyi baya ba. Lauya da matasa suka ce dole ta goya. Cikin wata biyu jam'iyyar ta tsage gida biyu, har Lauya ya fito neman kujerar Abba a babban taron da za a yi ranar Asabar. Wani gidan talabijin kuma ya kira su muhawara, su biyu, kai tsaye, ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma.

Da safiyar Larabar ina ɗakin guga ina goge wa Abba farar rigarsa mai aiki ruwan toka a wuya, sai na ji ƙarar takalmin Gwaggo. Yayar Abba ce, kuma ba ta zuwa gidanmu da safe sai da dalili. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin mayafinta mai ruwan goro, jaka a hammata, ko zama ba ta yi ba.

“Ina kwana, Gwaggo.”

“Lafiya. Rigar uban naki kike gogewa, ko ta ɗayan?”

“Ta Abba ce.”

“To madalla, ashe har yanzu kin san wanda ya haife ki.” Ta juya wajen Umma da ke shigowa da tiren shayi. “Ke kuma kin zuba ido. Yaro ya ci a gidan nan, ya sha a gidan nan, yau ya miƙe zai tuɓe wa mai gidan hula a gaban duniya, 'yarki tana nan tana yi masa murmushi a waya.”

Umma ta ajiye tiren a hankali. “Yaya, shi Abbansu ya ce siyasa daban, maganar yara daban.”

“Shi ai haka yake, ko mari aka yi masa sai ya tambayi mutum ko hannunsa bai ji ciwo ba. Ni dai na faɗa. Ke,” ta nuna ni da baki, “ki kira shi ki ce manyansa su zauna a gida. Yau, ba gobe ba.”

Na ci gaba da bin wuyan rigar da dutsen guga har wurin ya fara ƙauri. Gwaggo ta ɗauka kunya ce ta rufe mini baki. Tsoro ne, 'yan uwa, kuma ga dalilinsa.

Wata ɗaya da ya wuce, 'yan bindiga sun tare wata mota sun kwashe malaman makaranta bakwai. Gwamnati ta yi ta fitar da sanarwa, ba abin da ya motsa. Sai wani dattijo mai shiga tsakani ya aiko wa Abba cewa mutanen dajin sun ce da shi kaɗai za su yi magana. Abba ya tafi, da rabin idonsa, shi da Baba Direba, wanda ya shekara goma sha tara yana tuƙa shi. Kwana biyu suka yi. Bayan mako guda aka ga malamai huɗu a bakin titi, ba takalmi, amma da ransu. Gwamnati ta ce jami'anta ne suka kuɓutar da su, Abba bai ce uffan ba. Sharaɗin da aka gindaya masa ɗaya ne: idan maganar zuwansa ta fita, to, ya manta da sauran ukun.

Mu uku muka sani a gidan nan. Abba, Baba Direba, sai ni da na karanta saƙonnin. Ko Umma ta ɗauka asibiti ya je.

Ni ce na mai da mu huɗu. Wata yamma muna zaune a motar Lauya a ƙofar gida, muka fara musu kamar kullum, sai ya ce, “Abbanki mutumin kirki ne, amma bai san zafin abin ba. Yana zaune a ɗaki mai sanyi yana karanta sakin layi na tara na yarjejeniya, mutane suna mutuwa.” Raina ya ɓaci. Na ce, “Ɗaki mai sanyi? Ka san inda ya kwana ranar Litinin da ta wuce?” Kafin in kama bakina na zayyane masa komai. Ya dafa sitiyari ya rantse mini cewa maganar ta mutu a cikin motar nan.

Don haka da Gwaggo ta fita falo, na jawo wayata na rubuta masa:

“Ka tuna alkawarinka.”

Nan take ya amsa: “Haba Hajiyata. Ni ne fa.”

Na ɗan ji sanyi. Na rataye rigar, na kai wa Abba ruwan maganinsa. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya wani saƙon ya shigo:

“Duk abin da kika ji yau, ki tuna siyasa ce. Ba da ke nake ba.”

Na kira shi sau huɗu. Bai ɗauka ba.

Nan ne ya kamata in je in faɗa wa Abba. Na je ɗin kuwa. Na same shi a gaban madubi yana lalubar maɓallin wuya, na ƙarasa na ɓalla masa. Ya ce, “Uwata, hular ta zauna daidai?” Na ce ta zauna. Ya ce, “Hannunki ya yi sanyi, lafiya?” Na ce lafiya lau. Kun ji irin jarumtata.

Ƙarfe huɗu muka hallara a falo. Umma a kan doguwar kujera da carbi, Gwaggo a kujerar Abba ta miƙe ƙafa, ni a ƙasa kan kafet na rungume matashi. Na sa wata tsohuwar doguwar riga baƙa, ban ko shafa hoda ba.

Aka nuno su. Abba fari tas, ya ɗora hannuwa a kan tebur. Lauya cikin kwat ruwan bula da na taya shi zaɓa, ya yi aski, ya rame. Mai gabatarwa ta fara da Abba.

“Ranka ya daɗe, ana kashe mutane kullum. Me ya sa ba ka son taimako?”

“Wa ya ce ba na so?” in ji Abba, a nutse. “Su ba mu kayan aiki, su horar da yaranmu, mu gode. Amma an karanta mini takardar nan sau uku. Sakin layi na tara ya ce idan sojansu ya kashe ɗan ƙasar nan, kotunmu ba ta da ikon kiran sa. Na sha huɗu ya ce shekara ashirin da biyar za su yi a nan. Ni ba zan kai lokacin ba, jikokina ne za su zauna da abin da na sa wa hannu. Maƙwabtanmu sun karɓi irin waɗannan baƙin shekara goma, ku je ku tambaye su ko harin ya ragu. Kuma jirgin da ke sama ba ya bambance ɗan ta'adda da manomi mai fartanya a kafaɗa.”

“Allah ya yi maka albarka,” in ji Gwaggo, kamar yana jin ta.

Mai gabatarwa ta juya ga Lauya. Ya ɗan sunkuyar da kai kafin ya yi magana.

“Ciyaman uba ne a gare ni, kowa ya sani. Amma ni ƙauyen mahaifiyata aka ƙona. Kabari talatin da ɗaya na tsaya a kansu, har da na ƙanwar mahaifiyata da jaririnta. An kira sojojinmu da asuba, sai bayan awa tara suka iso, saboda motarsu ba mai. Ku je ku gaya wa waɗannan mutanen maganar sakin layi na tara. Wanda ake bi da bindiga ba ya tambayar jirgin wace ƙasa ne ya zo ceton sa. Jam'iyyar da ba ta da amsa sai ‘a'a’ ba za ta taɓa mulki ba, kuma bai kamata ta yi ba.”

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Abin da ke wahalar da ni ke nan tun farko: idan Abba ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya, idan Lauya ya yi sai in ga shi ne.

Suka yi ta yi kusan rabin awa. Abba ya fara rinjaye, don ya tambayi Lauya ko ya san wanda zai riƙe ma'adinan da ke kusa da filin sansanin, Lauya ya yi ta kewaye-kewaye. Na ga ya ɗauki kofin ruwa, ya ajiye bai sha ba. Na san wannan alamar.

“Ina da tambaya ɗaya ga Ciyaman,” in ji shi. “Ka ce kada mu zauna da baƙi. To, da wa ka zauna ranar Litinin, uku ga wata, a cikin daji, har kwana biyu?”

Carbin Umma ya tsaya.

“Wane daji?” in ji Gwaggo. “Ba asibiti ya je ba?”

A talabijin, mai gabatarwa ta gyara zama. “Lauya, kana nufin shugaban jam'iyyarku ya gana da 'yan ta'adda?”

“Shi zai amsa. 'Yan jam'iyya suna da haƙƙin su san ko wanda ke hana a kawo jirage yana da abokai a inda jiragen za su je.”

Aka matso da fuskar Abba. Bai fusata ba, da ma ya fusata. Ya juya kansa wajen da muryar Lauya take, don ba ya ganin sa sosai, ya ce:

“Ɗana, ka san abin da ka yi yanzu?”

“Tambaya na yi, ranka ya daɗe.”

“Ba zan amsa ba. Kuma ina roƙon gidan nan, don girman Allah, ku yanke wannan wurin kada ku maimaita shi.”

Amma kai tsaye ake yi. Kafin a tafi talla, wayoyin gidanmu uku sun fara ruri tare. Na duba tawa, an riga an yanko wurin ana ta yaɗawa, an rubuta a kai da manyan baƙaƙe: CIYAMAN DA ABOKANSA NA DAJI. Na shiga banɗaki na yi amai.

Wajen ƙarfe shida motar Abba ta shigo, wata na bin ta a baya. Sakataren jam'iyya ne da mutum biyu daga cikin na hannun daman Abba. Ta tagar kicin na ga an fara taruwa a bakin titi, wasu da waya a sama suna ɗauka, wasu sun tsaya kawai suna kallon gidan. Mai shagon kusa da mu ya ja ƙofarsa ya rufe, abin da ba ya yi sai bayan isha.

Abba ya wuce ɗakin karatunsa bai kula kowa ba. Sakatare kuwa a tsakar gida ya tsaya, ya miƙa wa Baba Direba hannu.

“Kawo makullin.”

“Na'am, ranka ya daɗe?”

“Ciyaman ya faɗa mana kafin mu taso cewa daga shi sai kai kuka je, kuma ran malamai uku na kan sirrin nan. To shi bai faɗa ba. Wa ya rage? Me suka yi maka alkawari?”

Baba Direba tsoho ne, gashinsa duk ya yi fari, shi ya kai ni makaranta ranar farko. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. “Wallahi ko matata ban gaya wa ba. Ku tambayi mai gida, shekara goma sha tara...”

“Munafuki!” in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. “Da ma idonsa bai taɓa kwanta mini ba.”

Ɗaya daga cikin mutanen ya ce, “A buɗe ƙofa a miƙa shi ga yaranmu da ke waje, zai tuna.”

Baba Direba ya ɗago ya dube ni. Ya san ni ke karanta saƙonnin Abba, ya san mu uku ne. Kallo ɗaya ya yi mini ya mai da kansa ƙasa, ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa. Bai ambaci sunana ba. Ku yi mini duk zagin da za ku yi, ba zai kai zafin wannan ba.

“Ku ƙyale shi,” na ce. Ba wanda ya juyo, na sake faɗa. “Ku ƙyale shi, ba shi ba ne. Ku jira in ga Abba.”

Na same shi zaune a bayan tebur, ya cire hula ya ajiye kan takardu, bai kunna fitila ba ga shi duhu ya fara shiga. Na durƙusa a gefen kujerarsa.

“Abba, ni ce. Ni na gaya masa. Cewa ya yi ba ka damu da mutane ba, na ji haushi, na...” Kuka ya ƙwace mini.

“Tun a ɗakin muhawarar na sani,” ya ce. “Ya faɗi ranar daidai. Direba ba ya riƙe kwanan wata.”

“Ka yafe mini, Abba.”

“Ni ba ni da abin yafewa, kujera ce, ta tafi. Akwai wata malama a cikin ukun nan, tana da cikin wata bakwai. Ta riƙe mini riga da zan taho, na ce mata kwana goma zan dawo.” Ya shafa fuskarsa. “Tashi ki ce a mayar wa bawan Allahn nan makullinsa, ki ce ni na ce a ba shi haƙuri a gaban kowa.”

Ban kai ga miƙewa ba wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Na duba, lambar dattijon nan ce mai shiga tsakani. Abba ya ce in sa ta a fili.

Ko sallama dattijon bai yi ba. “Ciyaman, sun gani. Suna da talabijin a waya kamar kowa. Sun ce ka sayar da su, ka je ne don ka nuna wa masu jirage hanya. Sun kwashe malaman daga inda suke.”

“Suna da rai?”

“Zuwa yanzu. Sun ce idan ba kai ka yi ba, ka ba su sunan wanda ya buɗe baki. Kafin azahar gobe. In ba haka ba za su fara da namijin da ke cikin malaman.”

Abba ya lalubo kaina ya dafa, ya danne ni ƙasa kamar mai tsoron kada in yi magana.

“Ka ce musu ni ne,” ya ce. “Ka ce tsufa ne, bakina ya kuɓuce. Kuma ka ce gobe da safe zan taho da ƙafata, su riƙe ni su saki malaman.”

“Ciyaman, ka san abin da kake faɗa?”

“Ka isar da saƙo kawai.”

Wayar ta katse. Na riƙe ƙafarsa ina cewa a'a, a'a, Abba, sai tawa wayar ta yi motsi a aljihu. Mai Gardama. Na so in jefar da ita, amma hannuna ya buɗe da kansa.

“Ban san akwai sharaɗi a kan sauran malaman ba sai yanzu da Sakatare ya kira ni. Ba ki faɗa mini wannan ba. Na rantse da Allah.”

Na tsaya ina tunani, kuma gaskiya ne. Cikin fushina ranar na faɗa masa tafiyar, na faɗa masa ranar, na ce sirri ne, amma ban faɗa masa dalilin da ya sa yake sirri ba.

Wani saƙon ya biyo baya:

“An sa hannu a takardar kama Abba, laifin hulɗa da 'yan ta'adda. 'Yan sanda sun taso, minti ashirin ko ƙasa da haka. Ina layin baya da mota, na kashe fitila. Ki fito da shi ta ƙaramar ƙofa. In suka riƙe shi, ba mai zuwa dajin gobe.”

“Waye?” in ji Abba. “Karanta mini.”

Shekara uku ina karanta wa Abba saƙo, ban taɓa rage masa kalma ɗaya ba. Na dubi rubutun. Idan na yi shiru, nan da minti ashirin za su zo su tafi da shi, su kulle shi, zai wulaƙanta amma zai rayu, malamai uku kuma su shiga azahar ba mai zuwa. Idan na karanta, da hannuna zan kama shi in fitar ta ƙofar baya, in sa shi a motar mutumin da ya tona shi, ya kama hanyar da ban san ko ana dawowa ba. Kuma wa ya tabbatar mini cewa Lauya kaɗai ne a layin bayan?

Can nesa, ta wajen babban titi, na fara jin jiniya.

“Uwata,” Abba ya sake cewa, “ina jin ki. Me aka rubuta?”

Na share idona da gefen mayafi, na gyara murya, na fara karanta masa tun daga kalmar farko.